Kwanan Mota: Yadda Masu Nema Daga Tambuwal da Kebbe Ke Kauce wa Kuɗin Haya

Kwanan mota shi ne mutum ya mayar da abin hawan da yake aiki da shi makwancinsa na makonni ko watanni, domin kada kuɗin da ya fito nema su ƙare a hannun mai gidan haya. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, wannan rayuwa sananniya ce, amma da wuya a ga mai yin ta a cikin garinsu. A gida kowa yana da inda zai sa haƙarƙarinsa: gidan gado, ko shagon samari a bakin zaure, ko ɗakin da aka yanka wa mutum a gefen gidan mahaifinsa lokacin da zai yi aure. Haya a waɗannan garuruwa galibi ta ma'aikacin da aka turo daga wani wuri ce, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗan sanda, sai kuma baƙon ɗan kasuwa. Sai ɗan Tambuwal ya sauka Legas ko Ibadan ko Abuja ko Fatakwal sannan yake tarar da cewa kwanciya ma kuɗi ce. A can ne mota ke zama ɗaki.

Hanya da ci-rani

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta shiga Jihar Kebbi ta Jega, ta wuce Koko da Yawuri da Kwantagora, ta bi Mokwa ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilorin da Ogbomosho da Oyo da Ibadan har ta dire Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba; layin dogo ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929. Saboda haka albasa da gero da shinkafa da shanu da tumakin wannan yanki, duk abin da zai je Kudu, a bayan mota yake tafiya, kuma mai, siminti, goro da manja a bayan mota suke zuwa. Yaron da ya tashi a bakin wannan titi ya san tirela da tanka tun kafin ya san birni. Kebbe kuwa ta fi shiga lungu. Tana kudu da Tambuwal, ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi, gulbin Zamfara ya ratsa ta kafin ya isa Jega, mutanenta manoma ne da makiyaya da masunta. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum sama da dubu 220, Kebbe kuma kusan dubu 125.

Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da an kawar da amfanin gona, wanda ba shi da fadama ko garkar albasa yana fuskantar wata bakwai ko takwas ba aikin da zai kawo kuɗi, ga bakunan ciyarwa suna jiran rumbu. Maganin da aka gada shi ne ci-rani: namiji ya fita, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya dawo da abin da ya samu kafin ruwan shuka. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi wa masu fita a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa kimanin mutum dubu 250 da suka bi ta mashigun Lardin Sakkwato, mafi yawansu 'yan lardin ne. Da yawa a ƙasa suke tafiya, suna nufar gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, wadda ta zama Gana. Fita nema ke nan ta riga mota zuwa. Abin da ya sauya shi ne inda mai nema ke kwana idan ya isa.

A zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Jega zuwa Gwanja sayen goro yana yada zango a wuraren da aka sani, ƙarƙashin madugu. A manyan kasuwanni kuma akwai mai gida, wanda wasu ke kira fatoma, mai saukar baƙi. Shi ke ba falke masauki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi, ladansa kuma yana fitowa ne daga la'adar ciniki. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, a kan wannan tsari ta ginu, kamar yadda wani masani, Abner Cohen, ya bayyana a littafinsa na 1969 kan cinikin shanu da goro a can. Baƙon da ya zo da kaya bai san kuɗin ɗaki ba. Tsarin bai mutu ba, har yau manyan dillalan shanu da na gwari suna saukar mutanensu. Sai dai an gina shi ne don mai dukiya, wanda za a ci riba da zuwansa. Direba da yaron mota da ɗan dako ba su da kayan da za a yi dillancinsu, yawansu kuma ya fi ƙarfin zaurukan masu gida tun da daɗewa.

Masu kwanan mota

Rukuni na farko direbobin manyan motoci ne da yaransu. Su ba ƙin haya kaɗai ya sa su a mota ba, yanayin aikin ne. Tirelar da ta ɗauki albasa daga Aliero ko shanu daga Illela takan yi kwana biyu ko uku kafin ta isa kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba a Agege, idan hanya ta yi kyau ke nan. Bayan an sauke kaya sai jiran lodin dawowa, domin mota ba ta komawa Arewa wayam, kuma jiran kan ɗauki mako. Direbobin tanka da na kwantena da ke layi a Apapa sun sha yin makonni a kan titi kafin su shiga tashar jiragen ruwa, musamman a shekarun da suka gabaci 2021, lokacin da hukumar tashoshin ta ɓullo da tsarin kiran motoci ta intanet da ake kira Eto. Mutumin da ke yin kwana ashirin ko fiye a waje cikin kowane wata, kuma kowane dare a gari daban, ɗakin haya a Legas ba zai amfane shi ba.

Rukuni na biyu su ne masu ƙananan motocin haya, J5 da Hiace da Sharon da Golf, waɗanda ke jigila tsakanin Sakkwato, Birnin Kebbi, Kwantagora da Abuja. Wanda layinsa bai zo ba sai gobe, a tasha yake kwana, cikin motarsa, don kada ya rasa layi kuma kada ya taɓa balas ɗin da zai kai wa mai mota.

Rukuni na uku ne ya fi dacewa da ma'anar kauce wa haya. Samari ne 'yan ci-rani da ke tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda Sakkwatawa ke kira agwagwa da buje, Kanawa kuma A Daidaita Sahu, ko suke tuƙa ƙaramar motar ɗaukar kaya a cikin birni guda. Waɗannan suna zaune a gari ɗaya wata biyar ko shida, da suna so da sun kama ɗaki. Sun duba kuɗin ne suka ga ba zai yiwu ba. Adadinsu ya ƙaru bayan da manyan birane suka riƙa hana acaɓa, wanda a Sakkwato ake kira kabu-kabu: Kano a 2013, Legas a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da kuma 2022. Da yawa daga masu babur sun koma keke, keke kuma yana da rufi da kujerar baya da mutum zai iya naɗewa a kai. Akwai kuma waɗanda motar ma ba tasu ba ce: ɗan dako ko mai wankin mota da direba ya yarje masa ya kwana a bodi, ko yaron bakanike da ke kwana cikin motar da ta daɗe a gareji tana jiran gyara.

Tsarin dare

A babbar mota, wurin kwanciya yana bin girma. Kan mota, inda wasu tireloli ke da ɗan gado a bayan kujera, na direba ne. Babban yaro, wanda ya fara karɓar sitiyari, yana samun kujerar gaba. Ƙaramin yaro, wanda ake ce wa karen mota, shi ke hawa kan kaya ya kwanta bisa tamfol, ko ya shimfiɗa kwali ko tabarma a ƙarƙashin mota, wasu kuma suna ɗaura ragar igiya tsakanin ƙarafunan bodi. Barcinsa rabi ne, domin aikinsa na dare shi ne kula da batir da tankin gas da safayar taya da igiyoyin tamfol. Kafin kowa ya kwanta shi ke sa waigi a taya.

Kayan zaman ba su da yawa, kuma kowanne yana da mazauninsa. Akwai akwatin ƙarfe a gefen mota da ake sa tukunya da risho ko kurfoti, da ɗan buhun shinkafa ko taliya, manja, barkono da magi. Akwai jarkar ruwa da buta da darduma, bargo don hunturu, gidan sauro ga mai hankali. Waya a jikin mota ake cajinta, ko a kai wa mai caji a biya. Tufafi kala biyu ne ko uku a cikin jaka, na aiki da na Juma'a. Kuɗi kuwa ba a kwana da su kamar da. Tun da masu POS suka cika tashoshi, mai nema yakan tura abin da ya samu gida ko asusunsa kafin dare.

Abin da mota ba ta iya bayarwa, tasha ce ke sayar da shi. Duk inda manyan motoci ke yada zango, kamar Tafa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, Mararrabar Jos, Ogere a hanyar Legas zuwa Ibadan, ko Mokwa, gari guda ne ya tsiru a kan buƙatun mutumin da ba shi da ɗaki: gidan wanka da bahaya na kuɗi, mai shayi da ke kaiwa asuba, mai tuwo, mai wanki da guga, wanzami, mai faci, kemis, da masallaci. Masallacin nan ya fi wurin salla. A nan ake samun ruwa, a miƙe ƙafa da rana, a ji labarin hanya, a gane ɗan gari. Mutumin Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, da ya sauka tashar da bai sani ba, abin da zai fara tambaya shi ne inda Sakkwatawa ke zama, kuma da wuya ya rasa wanda zai nuna masa inda zai ajiye mota ba a tashe shi ba. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ko reshen direbobin tanka na NUPENG, shi ke riƙe da tsarin wurin, yana karɓar kuɗin kwana yana sa masu gadi.

Lissafin

Dalilin da ke sa mai nema ya guji haya ya fi tsadar ɗaki zurfi. Matsalar tana cikin yadda ake biya. A Legas da Abuja mai gida yana neman kuɗin shekara guda a dunƙule, a kan haka ga la'adar dillalin gida da kuɗin rubuta yarjejeniya, kowanne galibi kashi 10 cikin 100, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, wanda ke nuna cewa kafin ta ana neman na shekara biyu. Ɗan ci-rani kuwa kuɗinsa kullum-kullum suke shigowa, kaɗan-kaɗan, kuma wata shida kawai zai yi. Idan ya biya shekara, ya biya watannin da yake gona a Kebbe. Sannan akwai masu gidajen da ba sa ba baƙo ɗan Arewa haya sai da wanda zai tsaya masa. Kwanan mota yana mayar da babban kuɗi na lokaci ɗaya ya zama ƙananan kuɗi na yau da gobe, na wanka da na gadi da na caji, waɗanda aljihun mai neman yini zai iya ɗauka.

Matsin ya ƙaru bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai keke da ke aiki a tsakiyar birni yana kwana a bayan gari sai ya ga man zuwa da dawowa kaɗai ya cinye ribar safiya. Kwana a inda ake aiki ya zama hanyar tsimin mai, ban da tsimin haya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai shafi waɗannan mutane ba, don ba albashi suke karɓa ba.

Akwai wani ɓangare na lissafin da ba a cika faɗa ba, kuma ya kamata a faɗe shi. Ba mai kwanan ne kaɗai ke cin ribar kwanansa ba. Mai motar da direbansa da yara biyu ke kwana a cikinta ya samu masu gadi uku ba tare da ya biya ko sisi ba, ya kuma huta da kuɗin masauki. Mai kayan da ke bodi shi ma haka. Farashin albasa a Mile 12 da na naman da ake yankawa a Agege yana da sauƙin da yake da shi ne, a wani ɓangare, saboda mutanen da suka kawo su ba a lissafa makwancinsu cikin kuɗin dako. Yaron mota, wanda sau da yawa ba shi da tsayayyen lada sai abinci da ɗan abin da maigidansa ya ba shi da alkawarin koyon tuƙi, shi ne ya fi kowa biyan wannan farashi.

Abin da jiki ke biya

A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40, ƙarfen mota kuma yana riƙe zafi har tsakar dare. Motar da aka rufe gilasanta a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti goma. Idan aka buɗe gilas, sauro ya shigo, musamman a Kudu da wuraren da ke kusa da ruwa irin su Yawuri da Jebba, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya zama abokin tafiyar direbobi. Da hunturu kuma matsalar ta juya: sanyi da ƙura, tari da mura ga mai kwana a kan kaya.

Haɗarin da ya fi saurin kisa shi ne hayaƙi. Mutum ya rufe kansa a mota ya bar inji yana aiki don sanyaya ciki, ko ya shigo da kurfoti mai garwashi don jin ɗumi, ko ya kwanta kusa da janareta. Iskar da ke fita daga irin wannan ƙuna ba ta da launi ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuma ba ya farkawa ya san abin da ke faruwa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga wanda ya tashi daga barci a rufaffiyar mota alamu ne da bai kamata a raina ba. Girki kusa da tanka wani haɗarin ne, kwanciya a ƙarƙashin mota kuma ta sha jawo ajali, idan direba ya tayar da asuba bai leƙa ba, ko waigi ya zame a gangare.

Sauran lahanin a hankali yake zuwa. Barci a naɗe kan kujera yana kawo ciwon baya da na wuya, ga basir da kumburin ƙafa saboda dogon zama. Barcin da ba ya isa shi ke kai direba ga goro da shayi mai kauri, wasu kuma ga ƙwayoyi irin su tiramadol, daga nan sai gyangyaɗi a kan sitiyari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana lissafa gajiya cikin musabbaban haɗari. Nisa da iyali na tsawon watanni a garuruwan zango kuma yana da nasa fitintinu, shi ya sa shirye-shiryen yaƙi da cutar ƙanjamau suka daɗe suna mayar da hankali kan tashoshin manyan motoci.

Zargi da tsaro

Mutumin da ba shi da adireshi abin zargi ne a idon hukuma da na unguwa. Samamen dare a tashoshi da ƙarƙashin gadoji yakan kwashe mai laifi da marar laifi, kuma wanda aka kama yana barci cikin keke ba shi da mai gidan haya da zai zo ya ce ya san shi. Tun bayan kafa rundunar Amotekun a jihohin Yarbawa a 2020 an sha tare manyan motoci ana sauke matasan Arewa da ke kwance a kan kaya ana yi musu tambayoyi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da kisan matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, waɗanda mafarauta ne da ke komawa Kano cikin babbar mota, sun nuna yadda baƙon da ke kan hanya ba shi da bangon da zai fake idan gari ya rikice. Ta ɓangaren gida ma hankali bai kwanta ba. Hare-haren 'yan bindiga da suka bazu daga Zamfara sun taɓa ƙauyukan Kebbe, sun hana wasu noma gonakinsu na nesa, wanda ya ƙara tura matasa fita. Sun kuma sauya al'adar hanya: direban da a da zai tsaya duk inda barci ya kama shi, yanzu dole ya lallaɓa ya kai gari mai jama'a.

Addini da iyali

Kwanan mota na maza ne, kuma na mazan da iyalinsu ke wani wuri. A shari'a wurin zama yana cikin haƙƙoƙin mace a kan mijinta, tare da ci da sutura, al'adar Hausa kuma ba ta san aure ba tare da ɗaki ba. Saboda haka ba a ganin magidanci ya kwashe mata da 'ya'ya ya sa su a mota da sunan tsimi. Shi ke ɗaukar wahalar shi kaɗai domin su zauna a cikin gida. Tambayoyin da masu wannan rayuwa ke kai wa malamai su ne na salla da tsarki. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan ƙasa, matafiyin da ya nufi tafiyar kimanin kilomita 80 yana yin ƙasaru, idan kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ya cika. Direban da ke jiran lodi bai san ranar tashi ba hukuncinsa daban da na mai keken da ya san zai yi wata biyar a Agege. Na biyun mazauni ne, ko da makwancinsa yana da tayoyi.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Amurka zama cikin mota ya yawaita bayan rikicin bashin gidaje na 2008, lokacin da miliyoyin mutane suka rasa gidajensu. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan mutane, yawancinsu dattawa da kuɗin fanshonsu bai kai na haya ba, suna yawo daga aikin wucin gadi zuwa wani, a rumbunan kamfanin Amazon da gonakin gwoza mai sukari, suna haɗuwa da hunturu a hamadar Quartzsite ta Jihar Arizona. Littafinta Nomadland ya fito a 2017, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Ƙidayar gwamnatin Amurka ta Janairun 2024 ta samu mutum sama da dubu 770 ba su da matsuguni a dare guda, cikinsu har da masu kwana a mota. Wasu birane, irin su Santa Barbara tun 2004, sun ware filayen ajiye motoci da masu gadi da banɗaki domin su. Akwai kuma masu hali da ke ƙawata mota da gado da kicin da lantarki mai aiki da hasken rana don sha'awar yawo, su ne aka fi gani a hotunan intanet, amma ba su ne mafi yawa ba.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan da mutumin Tambuwal babba ne. Ba'amurken da ya koma mota yawanci ya rabu da gida ke nan, motar ita ce duk abin da ya mallaka. Ɗan ci-rani yana da gida, yana da gona, yana da unguwar da za a yi masa jana'iza. Kuɗin da bai ba mai haya a Legas ba su ne ke zama bandir ɗin kwano da buhunan siminti da bulo a Jabo ko Kuchi, su zama taki da iri, sadaki da lefe, ko tinkiyar da za a bar wa uwargida ta yi kiwo. Da yawa suna zuba adashi a tasha don kuɗin su taru su isa wani abu. Wanda ya zagaya ƙauyukan yankin zai ga ɗakunan bulo da rufin kwano suna maye gurbin na laka da azara, kuma kaso mai yawa na wannan gini da kuɗin waje aka yi shi.

Yawanci rayuwar ba ta ɗorewa har tsufa. Wanda ya samu ci gaba yakan haɗu da 'yan garinsu biyar ko shida su kama ɗaki ɗaya, ko ya samu shago ya riƙa kwana a ciki, ko ya karɓi gadin wani gida a ba shi ɗakin bakin ƙofa. Direban da ƙarfinsa ya ragu yakan dawo gida ya riƙa gajeren zango tsakanin Tambuwal da Jega ko Sakkwato, ko ya zama ɗan kamasho a tasha. Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne waɗanda shekaru suka tura ba su tara komai ba, da waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyen da za su koma.

Gyaran da ake buƙata sananne ne, an kuma gwada shi a wasu wurare. A Tarayyar Turai doka ta kayyade wa direban babbar mota awa 9 na tuƙi a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Kotun tarayyar ta yanke hukunci a Disamban 2017 cewa ba a yin cikakken hutun mako na awa 45 a cikin mota, dokar 2020 kuma ta ɗora wa mai kamfani biyan kuɗin masaukin. A Najeriya an daɗe ana maganar gina tashoshin hutawa na manyan motoci, amma mafi yawan wuraren da ake kwana a hanyar Sakkwato zuwa Legas har yanzu gefen titi ne da filayen gidajen mai. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya daga Illela zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta ratsa Sakkwato da Kebbi da Neja. Abin da masu kwanan mota ke buƙata a kan irin wannan hanya ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da kuɗin kwalta: fili mai katanga da fitila, rijiyar burtsatse, banɗaki da wurin wanka, rumfar kwana mai gidan sauro da za a biya ta dare ɗaya, da ƙaramin asibiti. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi, waɗanda dama suke karɓar kuɗin tasha kowace rana, suna da ikon fara wannan a Tambuwal da Jega ba tare da jiran Abuja ba.